Akwati Mai Ƙyafta Ido a Shagon Hamsatu

Duk layin 'yan hatsi da ke bayan Kasuwar Muda Lawal babu wanda bai san yadda Hamsatu mai kindirmo take tashi daga kasuwa ba. Sauran mutane su ja ƙofa, su datse kwaɗo, su kama gabansu. Ita kuwa sai ta bi soket ɗaya bayan ɗaya ta yi musu sallama. Ta zare na fanka, ta zare na rediyo, ta zare caza ko da babu waya a jikinta, sannan ta tsaya tsakiyar shago tana shinshina iska ko za ta ji ƙauri. Firiza kaɗai take ƙyalewa, ita ma don babu yadda za ta yi ne, kindirmo ba ya jure zafin Bauchi. Ko firizar sai ta dafa bayanta ta yi bismillah kafin ta fita.

Maƙwabcinta Mudathir, mai sayar da riɗi da wake, ba ya gajiya da tsokanarta.

"Hajiya, kin manta ba ki zare rana ba, ga ta can tana ci!"

Sai ta harare shi ta wuce. Ai wanda bai taɓa tsayawa a kan tokar dukiyarsa ba, komai abin dariya ne a wurinsa. Shekarun baya wani a layin ya bar hita cikin bokiti lokacin da aka ɗauke wuta, ya rufe shago ya tafi gida. Wutar ta dawo bayan kowa ya watse. Shaguna uku suka ƙone, har da na Hamsatu, har da firizarta ta farko wadda sai da ta sayar da saniyar gadonta ta saye ta. Abu ɗaya ya tsira, wata tsohuwar ƙwarya mai zane da mahaifiyarta ta yi tallan nono da ita tun suna ruga. Baba Istifanus mai gadi ne ya ɓalle ƙofa ya shiga cikin hayaƙi ya lalubo abin da hannunsa ya kai, ya fito da ƙwaryar a ƙirjinsa, hannunsa na dama kuwa ya saluɓe har gwiwa. Tabon yana nan har yau. Ƙwaryar kuma tana kan kanta a sabon shago, ba a sha da ita, ba a aro.

Shi Baba Istifanus mutumin wajen Bogoro ne, dogo, siriri, ba shi da yawan magana. Ya daɗe yana gadin layin har wasu 'yan kasuwar a gabansa suka gaji shagunan iyayensu. Yakan zo bayan magariba da tocilansa da sandarsa, ya tafi in gari ya waye. Hausarsa irin ta mutanensu ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa, Hamsatu ta yi gyara har ta haƙura.

To, da ƙananan sace-sace suka yi yawa, yau a rasa mudu, gobe a rasa tamfol, sai ƙungiyar layin ta yanke a saka kyamarori. Shugabansu Alhaji Fakhruddeen ya samo wata matashiya mai wannan sana'a, Jemima, wadda ke hawa tsani da siket da wando a ƙasa ba ta ko kallon masu kallonta. Alhaji ya leƙo shagon Hamsatu ya ce za a ɗan maƙala wani abu a bangonta, tunda ita ce a tsakiyar layi. Ta ce babu komai. Ranar aikin kuwa ta faɗo daidai da sunan jikanta a Tirwun, sai ta bar masa mabuɗi ta tafi.

Da ta dawo ta tarar da baƙo a shagonta. Wani baƙin akwati ne, faɗinsa bai kai faranti ba, an kafa shi sama da firiza. Siraran wayoyi shuɗɗa sun fito daga cikinsa sun bi bango sun fice ta saman ƙofa. A gabansa ga wasu 'yan fitilu kore suna ta ƙyaftawa ba hutawa. Ta kai hannu ta taɓa shi, ta ji ɗumi. Nan take ta janye hannun, gobarar nan ta faɗo mata a rai.

Ta je ta tambayi Alhaji. Yana tsakiyar ciniki da wani mai mota, ko juyowa bai yi sosai ba.

"Kayan kyamara ne, Hajiya. Shi ke kawo hoto cikin talabijin ɗin da ke shagona."

Ta koma tana lissafin abin a ranta, kuma lissafin nata ba na wauta ba ne. Kyamarori suna can a manne a goshin shagunan mutane, kowace dai a shagon da take za ta sha wuta, kamar ƙwan fitila. Wannan akwati kuwa na talabijin ɗin Alhaji ne. In Alhaji ya rufe ya tafi gida, wa zai kalli talabijin? Aljanu? Saboda haka da yamma ta yi, bayan na fanka da na rediyo, sai ta zare filogin akwatin, 'yan fitilun suka mutu, hankalinta ya kwanta. Da safe shi take fara mayarwa, don kada a ce ta hana Alhaji kallo. Haka ta riƙa yi, babu wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta ga abin faɗa ba.

Ana nan sai wata safiya Mudathir ya ɗaga tamfol ɗin da yake rufe kayan da ke barandar shagonsa, ya ga buhunan riɗi biyu sun yi ƙafa. Ya kwarma salati, layi ya taru. Amma wannan karon har da 'yar murna a fuskokin mutane, ai yanzu akwai kyamara, yau ɓarawo zai ga ta kansa. Aka ɗunguma shagon Alhaji, aka kunna talabijin, aka koma daren jiya.

Baƙi ƙirin. Ko inuwa babu.

Aka duba daren shekaranjiya, baƙi. Aka duba wanda ya gabace shi, baƙi. Da rana ga hoto tangaran, har ƙudan da ke kan buhu ana gani, amma kowane dare tun da aka saka kayan, duhu ne kawai.

"To ai magana ta fito," in ji Mudathir. "Kyamarar da ke aiki da rana ta mutu da dare, wa ke nan da dare? Mutum ɗaya ne."

Ba a jima ba aka aika aka taso Baba Istifanus daga barci. Ya zo ya tsaya da hularsa a hannu, yana duban fuskokin mutanen da ya san su tun suna yara.

"Ni ban san inda ake kashe shi ba. Ko tsani ba ni da shi."

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce ba za a zalunci kowa ba. Za a kira yarinyar da ta yi aikin ta zo gobe ta duba. In kayan ne suka lalace, shi ke nan. In kuwa ta ce kayan lafiyarsu ƙalau, hannu ne ke kashe su, to bayan azahar ƙungiya za ta sallami Baba Istifanus ta miƙa shi ga 'yan sanda.

Hamsatu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ita da ba ta ɗaga murya a gaban maza, ranar sai da ta tsaya a ƙofar shagonta ta ce wa Mudathir ya ji tsoron Allah, mutumin da ya shiga gobara don kayan wani ba zai saci riɗi ba. Mudathir ya ce shi ma da haka yake zato. Ta dama fura mai kauri ta kai wa tsohon inda ya zauna a kan wani dutse a ƙarshen layi. Ya karɓa ya ajiye a gefe bai sha ba.

"Hamsatu, ba aikin ne ya dame ni ba," ya ce. "Ranar Lahadi in na shiga coci, me za a ce? Jikokina suna makaranta da yaran unguwa."

Ta ce masa, "Allah yana nan, Baba." Da yamma ta yi ta shigar da bencinta, ta zare na fanka, ta zare na rediyo, ta zare na akwati, ta hau keke napep zuwa gidanta a Inkil tana ta tsine wa duk wanda ke kashe kyamarorin nan a ranta.

Washegari da hantsi Jemima ta iso da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ta bi kyamarorin ɗaya bayan ɗaya, ta hau tsani ta sauko, sannan ta yi sallama a shagon Hamsatu.

"Ina kwana, Mama. Zan ɗan duba suwic ɗina."

"Me?"

"Wannan akwatin. Suwic sunansa."

Hamsatu ta matso mata da kujera ta taka. Yarinyar ta girgiza wayoyi, ta ƙirga fitilu da ido, ta taɓa nan ta taɓa can, ta sauko tana ɓata fuska.

"Komai lafiya lau. Wallahi da na so a ce wani abu ne ya lalace, saboda tsohon nan."

"'Yar nan, ki duba can wajen kyamarorin mana. Wataƙila masu shagunan ne ke kashe musu wuta in za su tashi."

Jemima ta yi murmushi. "Ai babu wutar da suke sha a can, Mama. Babu kyamarar da ke da soket. Irin wannan suwic ɗin, PoE ake ce masa, shi ne uwarsu. Kin ga siririyar wayar nan? Ita ke kai wa kyamara wuta, ita kuma ke dawo da hoto, duk waya ɗaya. Shi ya sa na kawo shi nan. Ke ce a tsakiya, wayar kowa ta kai, kuma ke ce mai sola da batir saboda firiza. Ko an ɗauke wutar gari, naki ba ya mutuwa."

Hamsatu tana riƙe da ludayi. Ta ajiye shi a hankali.

"Duk kyamarorin layin nan a shagona suke shan wuta?"

"Dukkansu."

"To in aka zare wancan filogin fa?"

"Su mutu gaba ɗaya, nan take."

Hamsatu ta nemi bakin benci ta zauna. Jemima ta dube ta, ta dubi soket ɗin, ta dubi cazar da ke rataye a ƙusa an naɗe ta tsaf, ta gane.

"Mama, wa ya yi miki bayanin akwatin nan ranar da aka saka shi?"

"Ba kowa. Ina wajen suna."

Yarinyar ta dafe goshi. "Ni na yi kuskure. Na tara maza na yi musu bayani har bakina ya bushe, mai soket ɗin kuwa ban ko nemi ganinta ba." Ta sauke hannu. "In kina so, ni zan faɗa musu. Sai in ce matsala ce daga wajen soket, na gyara."

Gaskiya Hamsatu ta so hakan, ta so shi ƙwarai. An rene ta a gidan da kunya ta fi abinci daraja, kuma ta san bakin 'yan layin nan, za a shekara ana ba da labarinta ana tafawa. Amma ta san Mudathir. In aka ce "matsala daga soket", zai ce wa ya taɓa soket ɗin, wa ya san ko tsohon yana da mabuɗi. Zargin ba zai mutu ba, zai dai kwanta ne. Ta ɗaga kai ta ga ƙwaryar mahaifiyarta a kan kanta.

"A'a. Hannuna ne ya yi, bakina zai faɗa."

Bayan azahar maza suka cika shagon Alhaji har waje. Baba Istifanus yana tsaye a gefe, ya sa rigarsa ta zuwa coci, wai in za a tafi da shi kada a tafi da shi cikin tsumma. Alhaji ya tambayi Jemima ko kayan sun lalace. Ta ce lafiyarsu ƙalau. Mudathir ya buɗe baki ke nan sai aka ji muryar mace daga baya.

"Alhaji, ku kalli talabijin ɗin nan, kada ku ɗauke ido."

Hamsatu ce. Ta ja mayafinta ta juya, ana ganinta a cikin talabijin tana tafiya tsakiyar layi, ta wuce buhunan masara, ta shiga shagonta. Sai hoton ya ɗauke ɗif, duk kyamarorin lokaci guda. Kafin a gama salati ya fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, ga ta nan ta fito tana tahowa.

Ta tsaya a bakin ƙofar Alhaji ta fuskanci mutane.

"Ni ce nake kashe su. Kullum in zan tashi sai na zare akwatin da ke shagona, don tsoron gobara. Ban san shi ke ba su wuta ba. Baba bai taɓa komai ba."

Jemima ta karɓi rimot ta koma baya, ba cikin dare ba wannan karon, sai daidai inda hoton kowace rana ya yanke. Abin da maza ba su yi tunanin dubawa ba ke nan, su duhun kawai suka gani suka yanke hukunci. Kowace rana hoton ƙarshe iri ɗaya ne: rana ba ta faɗi ba, layi cike da 'yan dako da masu kura, Hamsatu tana jan bencinta ciki. Lokacin Baba Istifanus ko gida bai baro ba. Buhunan Mudathir kuwa, tsakanin tashin Hamsatu da zuwan mai gadi, cikin wannan hada-hada, kowa ma zai iya ɗora su a kura ya wuce.

Wani ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. Mudathir ya juyo kanta da faɗa, wai tsoronta ya ja masa asara. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ni ta tambaya, ni kuma na ba ta amsar rabi ina ciniki. In faɗa za ka yi, ga ni." Ya juya ga tsohon. "Baba, ka yafe mana. Mun yi gaggawa."

Baba Istifanus ya mayar da hularsa kansa. Idanunsa sun kawo ruwa. Mudathir ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya matsa ya miƙa masa hannu biyu. Riɗin dai har yau ba a gan shi ba.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mai wuyar. Wani ya ce a ɗauke akwatin a kai wani shago. Jemima ta ce irin wannan waya in ta wuce kamar mita ɗari ba ta aiki, daga kowane ƙarshen layi kuwa ba za ta kai ɗayan ba, kuma babu mai batir irin na Hamsatu. Ko dai akwatin ya kwana a kunne a shagonta, ko layi ya kwana ba ido. Kowa ya zuba mata ido.

Jemima ta bi ta shago ta yi iya yinta. Ta ce abin da akwatin ke sha bai kama ƙafar na firiza ba. Ta canza masa soket mai kyau, ta saka masa abin da zai yanke wuta da kansa in wani abu ya faru, ta ɗaga shi daga kusa da kwalaye. Hamsatu tana ta gyaɗa kai. Ta yarda da yarinyar, amma tsoro ba ya jin bayani. Da lokacin tashi ya yi ta zare na fanka, ta zare na rediyo, hannunta ya kai kan filogin akwatin ya tsaya can.

"Kai Hamsatu."

Baba Istifanus ne a bakin ƙofa. Yau ya zo da wuri, da tocila da sanda.

"Ka bar shi. Ina nan."

Ta janye hannunta. Ta fita, ta datse kwaɗo, ta leƙa ta kafar ƙofa ta ga 'yan fitilun kore suna ƙyaftawa cikin duhun shago. Har keke napep ya kai ta Inkil tana waiwaye ko za ta hango hayaƙi, kuma ba ta yi wani barcin kirki ba.

Gari na wayewa ta riga kowa zuwa. Shago yana nan, babu ƙauri, kindirmo ya yi sanyi, akwati yana ta ƙyaftawarsa. Tana cikin shara Alhaji ya aiko a kira ta. Ta tarar da shi da Mudathir da wasu mutum biyu a gaban talabijin, sun kunna daren farko da kyamarorin suka gani.

Ga layin nan fayau babu kowa, sai dogon tsoho da tocila yana bin shaguna yana jijjiga kwaɗo, yana gyara tamfol ɗin Mudathir da iska ta yaye. Da ya iso ƙofar Hamsatu sai ya tsaya. Ya jingine sanda, ya shimfiɗa tafin hannunsa na dama, mai tabon nan, a jikin ƙarfen ƙofar, ya daɗe yana jin ko da zafi. Ya sunkuya ya kai hanci kafar ƙofa ya shinshina. Sannan ya wuce. Alhaji ya tura hoton gaba, ga tsohon ya dawo, ya sake dafa ƙofar. Ya ƙara turawa, ga shi kuma. Haka ya yi ta yi har gari ya yi haske.

Hamsatu ta rufe fuska da mayafi ta fita. Ta shiga shago ta taka kujera, ta sauko da ƙwaryar mahaifiyarta daga kan kanta, ta wanke ta, ta cika ta da kindirmo mai sanyi, ta dama fura a ciki. Tsohon yana ƙarshen layi yana naɗe tabarmarsa zai tafi gida. Ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya dubi ƙwaryar, ya gane ta.

"Wannan ai ba a sha da shi."

"Sha, Baba," ta ce.